Iyakar Ƙananan Na'urorin Sarrafawa Masu Araha a Aikin Kyamara da Watsa Bidiyo

Tun daga shekarar 2016, lokacin da kamfanin Espressif na birnin Shanghai ya fitar da guntun lantarkin nan mai suna ESP32, haɗa kyamara mai aika hoto ta iska ya zama abin da ɗalibin kwalejin fasaha ko mai gyaran waya zai iya gwadawa da kuɗin aljihunsa, musamman bayan da kamfanin AI-Thinker ya ɗora guntun a kan ƙaramin allo tare da kyamara da gurbin memori, ya sa masa suna ESP32-CAM, ake kuma sayar da shi a ƙasa da dala 10. Wannan araha ta sa mutane da yawa suna sa ran allon zai maye gurbin kyamarar tsaro ta kasuwa, amma da zarar an kunna shi sai a tarar hoton yana tsayawa yana tafiya, na'urar tana mutuwa tana tashi da kanta, jikinta kuma yana zafi. Akan ɗora laifin a kan kuskuren manhaja ko jabun kaya, alhali kuwa mafi yawan waɗannan matsaloli sun samo asali ne daga lissafi, domin bidiyo yana da nauyin da ake iya aunawa da alƙaluma, na'urar kuma tana da iyakar da aka gina ta a kai, kuma wanda ya kwatanta alƙaluman biyu kafin ya sayi kaya zai san abin da zai samu tun bai jona waya ko ɗaya ba.

Ma'anar na'urar da dalilin araharta

Abin da ake kira maikrokontrola cikakkiyar kwamfuta ce ƙarama da aka dunƙule a cikin guntun silikon guda, wadda ta ƙunshi furosesa, wato sashen da ke lissafi da bin umarni, da ma'ajiyar aiki da ake kira RAM, inda ake ajiye bayanan da ake sarrafawa a daidai lokacin, da kuma ƙafafu na ƙarfe da ake jona maɓalli ko fitila ko inji a kansu. An ƙera ta ne domin ayyuka masu ɗan bayani da yawan maimaituwa, irin su auna zafin ɗaki, kunna famfo ko ƙirga juyawar mita, saboda haka ba ta ɗauke da babbar manhaja irin Linux ko Android, kuma manhaja guda ce take gudana a kanta daga kunnawa har kashewa. Araharta ta zo ne daga ƙarancin silikon da aka kashe mata, ma'ajiyar aiki kuwa tana cikin abubuwan da suka fi cin fili a jikin guntu, don haka ita ce abu na farko da masu ƙira suke taƙaitawa. Allon Arduino Uno, wanda ɗalibai da yawa suke fara koyo da shi, yana da RAM na kilobayit 2 kacal da furosesa mai gudun megahaz 16. Raspberry Pi Pico, wanda ya fito a 2021 a kan dala 4, yana da kilobayit 264, yayin da ESP32 yake da kilobayit 520 da furosesa mai zuciya biyu da ke kai gudun megahaz 240. Wayar Android mafi araha a kasuwa kuwa da gigabayit ake auna ma'ajiyarta, wato ta ninka ta ESP32 sau dubbai.

Nauyin hoto da ƙarancin ma'ajiya

Hoton dijital jerin ɗigogi ne da ake kira fiksel, kuma kowane ɗigo mai launi yana cin aƙalla bayit 2 a tsarin da waɗannan kyamarori suke amfani da shi. Hoto mai faɗin ɗigo 320 da tsawon 240 yana da ɗigo 76,800, wato bayit 153,600. Mai girman 640 da 480, wanda ake kira VGA kuma ake yi masa kallon ƙaramin hoto a yau, yana cin bayit 614,400, adadin da ya zarce dukan ma'ajiyar cikin ESP32 tun kafin a cire kason da manhajar Wi-Fi da sauran ayyuka suke ci. A kan Arduino Uno kuwa, layi ɗaya tak na wannan hoton yana cin bayit 1,280, saboda haka layi biyu ba za su shiga ma'ajiyarsa ba, balle layi 480. Idon kyamarar da ake ɗorawa a kan ESP32-CAM, wato OV2640 na kamfanin OmniVision, yana iya ɗaukar hoto mai ɗigo 1,600 da 1,200, wanda nauyinsa ɗanye ya kai bayit 3,840,000.

Mafitar da masu allon suka samo ita ce ƙara wani guntun ma'ajiya a waje, mai suna PSRAM, wanda ake iya amfani da megabayit 4 daga cikinsa, sai dai wannan ƙari yana da nasa farashin ta fuskar gudu. Ma'ajiyar cikin guntu tana amsa wa furosesa nan take, ita kuwa ta waje ana isa gare ta ne ta layukan bayanai guda 4, waɗanda take rabawa da guntun da manhajar take zaune a ciki, ta yadda duk lokacin da furosesa ta je ɗauko umarni sai hoton ya jira, duk lokacin da ake zuba hoto kuma sai umarnin ya jira. Bugu da ƙari, a ESP32 na asali sashen da ke kwashe bayanai daga kyamara ba tare da sa hannun furosesa ba, wanda ake kira DMA, ba ya iya zubawa kai tsaye a cikin PSRAM, don haka sai ya fara ajiye hoton gutsure-gutsure a ma'ajiyar ciki, sannan furosesa ta kwafe kowane gutsure zuwa waje kafin na gaba ya iso. Idan ta makara saboda tana hidimar Wi-Fi, sai a rasa wani yanki na hoton, kuma wannan na daga cikin dalilan hotunan da ke fitowa rabi a yanke ko da launi a hargitse.

Matse bidiyo, inda babban gibin yake

Bidiyo ba wani abu ba ne illa hotuna masu bin juna da sauri, yawanci 25 ko 30 a daƙiƙa, domin ido ya ga motsi ba tare da tsinkewa ba. Idan aka aika hoton VGA ɗanye sau 30 a daƙiƙa, ana buƙatar hanya mai ɗaukar kusan megabit 147 a kowace daƙiƙa, hoto mai ɗigo 1,920 da 1,080 kuwa yana neman kusan megabit 1,000. Ba a saba aika bidiyo ta Wi-Fi ko intanet a haka ba, sai an matse shi, wato an rage nauyinsa ta hanyar zubar da bayanan da ido ba ya lura da su da kuma waɗanda suka maimaitu. Sa'ar da ESP32-CAM ya ci ita ce kyamarar OV2640 tana da nata sashen matse hoto zuwa tsarin JPEG, wanda aka amince da shi tun 1992, saboda haka hoton yakan iso wa furosesa ya riga ya ragu zuwa 'yan gomman kilobayit. Abin da allon yake watsawa a matsayin bidiyo shi ne jerin waɗannan hotuna ɗaya bayan ɗaya, tsarin da ake kira MJPEG.

Raunin MJPEG shi ne kowane hoto ana matse shi ne shi kaɗai, ba tare da la'akari da wanda ya gabace shi ba, alhali kyamarar da ke kallon ƙofar shago takan ga bango ɗaya da ƙofa ɗaya tsawon yini, abin da ke canzawa ɗan kaɗan ne. Tsarin H.264, wanda aka kammala a 2003 kuma mafi yawan kyamarorin tsaro da wayoyi suke aiki da shi, yakan aika cikakken hoto jefi-jefi, a tsakani kuma ya aika bambancin da aka samu kawai, tare da bayanin inda kowane yanki na hoton ya matsa. Bambancin tsarin biyu kamar na magatakarda biyu ne, ɗaya yana sake kwafe dukan shafi duk lokacin da kalma guda ta canza, ɗayan kuma yana rubuta gyaran kaɗai a gefe. Amma gano wannan bambanci aiki ne mai nauyi, domin dole a riƙe hoton baya a ma'ajiya, a rarraba sabon hoto gida-gida, a nemo wa kowane gida makamancinsa a cikin tsohon, kuma a gama duk wannan cikin kashi ɗaya bisa 30 na daƙiƙa. Wayoyi da kyamarorin kasuwa suna da sashen silikon na musamman da ba ya yin komai sai wannan aiki, ESP32 na asali kuwa ba shi da shi, kuma furosesarsa ba ta da gudun da za ta maye gurbinsa a hoto mai girman a zo a gani.

Sakamakon wannan rashi yana bayyana a lissafin data. Idan aka ɗauka kowane hoton VGA da aka matse ya kai kilobayit 30, ana kuma aika 15 a daƙiƙa, to ana kashe kilobayit 450 a daƙiƙa, wato megabit 3.6, wanda ya kama gigabayit 1.62 a awa guda, da kusan gigabayit 39 a kwana ɗaya. Kyamara mai H.264 da ke kallon wuri mai ƙarancin motsi takan aika hoto mai wannan girma da ɗan kaso kaɗan na wannan adadi. Ga wanda kyamararsa take kan Wi-Fi na cikin gida wannan bambanci ba ya cin kuɗi, amma a wuraren da intanet ɗin layin waya ne ake saye gigabayit-gigabayit, kamar yadda lamarin yake ga mafi yawan masu amfani a Najeriya da Nijar, datar 'yan kwanaki tana iya zarce kuɗin allon baki ɗaya.

Hanyar sadarwa

Rediyon ESP32 yana aiki ne a zangon gigahaz 2.4 kaɗai, zangon da Bluetooth da rautocin maƙwabta da wayoyin da aka mayar mararrabar intanet duk suke cunkushe a ciki, kuma a kowace tasha na'ura ɗaya ce take iya magana a lokaci guda, sauran su jira. Ko da yake takardar guntun ta ambaci megabit 150 a matsayin ƙololuwar gudun rediyo, kamfanin da kansa ya bayyana cewa abin da ake samu a aikace a kyakkyawan yanayi bai wuce kimanin megabit 20 ta tsarin TCP da 30 ta tsarin UDP ba, kuma wannan adadi yana raguwa da nisa, da bango, da cunkoso. TCP tsari ne da ke tabbatar da cewa kowane ƙunshin bayani ya isa, idan ya ɓata a sake aiko shi, abin da ke da kyau ga takarda amma yake sa bidiyo ya daskare yana jiran ƙunshi guda, kuma da yake na'urar ba ta da ma'ajiyar da za ta tara hotuna masu yawa a lokacin jiran, sai dai ta zubar da su. Eriyar allon wani zanen tagulla ne a gefensa, wanda hannu ko akwatin ƙarfe ko wayoyin da suka gitta ta kansa suke rage masa ƙarfi, kuma komawa kan eriyar waje yana buƙatar a cire wani ɗan ƙaramin abu mai kamar ƙwayar gero a sake liƙa shi da dalma a gurbin gefe.

Akwai kuma batun yawan masu kallo da wurin da suke. Manhajar misali da ake samu tare da allon tana hidimar mai kallon bidiyo ɗaya ne a lokaci guda, kuma ko an gyara ta don ta karɓi biyu ko uku, kowane ƙarin mai kallo yana nufin sake aika hotunan gaba ɗaya ta rediyo guda. Kallo daga wajen gida ya fi wannan wuya, domin kamfanonin layin waya sukan haɗa dubban kwastomomi a ƙarƙashin adireshin intanet guda, ta yadda ba a iya kiran na'urar daga waje, sai dai ita ta tura hotunanta zuwa wata saba, wato kwamfutar da ke tsakiya a intanet, wadda ake biyan haya ko a kula da ita.

Wuta da zafi

Rediyon Wi-Fi ba ya jan wuta daidai wa daida, yakan fizge ta ne a lokacin aika kowane ƙunshi, fizgar da ke kai miliamfiya 240 ko fiye, shi ya sa Espressif yake ba da shawarar tushen wuta mai iya ba da aƙalla miliamfiya 500. Idan caja ba ta da ƙarfi, ko wayar USB siririya ce mai tsawo, ƙarfin wutar yakan faɗi na ɗan ƙiftawar ido, sai sashen da ke gadin wuta a cikin guntun ya kashe na'urar ya sake tayar da ita, kuma mai aikin yakan kwana yana neman kuskure a manhaja alhali laifin yana jikin waya. Tangal-tangal ɗin wutar kuma yakan fito a hoton a matsayin layuka masu ratsa shi.

A kan batir, lissafin ya fi tsanani. Takardar allon ta nuna yana jan kimanin miliamfiya 180 a bolt 5 idan fitilarsa a kashe take, wato kusan wat 0.9, batirin 18650 mai miliamfiya-awa 2,600 kuwa yana riƙe da kimanin wat-awa 9.6, saboda haka watsa bidiyo ba tsayawa zai cinye shi cikin ƙasa da awa 11. Guntun ESP32 shi kaɗai yana iya shiga barci mai zurfi ya ja kimanin maikro'amfiya 10, amma allon gaba ɗaya yana ci gaba da jan miliamfiya da dama saboda sauran kayan da ke kansa. Regiletar da ke sauko da bolt 5 zuwa 3.3 kuma tana yin haka ne ta hanyar mayar da rarar zafi, ta yadda kusan kashi ɗaya bisa uku na wutar yake ƙonewa a banza a kusa da kyamara. Wannan yana da muhimmanci a ƙasashen Sahel, domin takardar OV2640 ta ba da tabbacin tsayayyen hoto ne tsakanin digiri 0 da 50 a ma'aunin salshiyas, garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Damagaram kuwa sukan haura digiri 40 a inuwa a watan Afrilu, kuma akwatin roba da ke ƙarƙashin rufin kwano ya fi inuwa zafi nesa ba kusa ba. Idon kyamara mai zafi yana ƙara yawan ɗigogin hayaniya a hoto, hoto mai hayaniya kuma ba ya matsuwa sosai, don haka zafi yana ƙara nauyin data ma.

Ƙafafu da ingancin hoto

Kyamarar tana jone da guntun ta layukan bayanai 8, da layukan agogo da na daidaita farkon layi da farkon hoto, da layuka biyu na saita ta, jimla kusan ƙafafu 15, kuma mafi yawan ƙafafun da suka rage gurbin memori ne ya mamaye su. Ƙafa ta 4 ana raba ta tsakanin fitilar allon da memori, shi ya sa fitilar take walƙiya duk lokacin da ake ajiye hoto. Ƙafafun da ke waje masu iya auna ƙarfin wuta suna ƙarƙashin sashen da ba ya aiki idan Wi-Fi yana kunne, saboda haka mai son kyamara ta kuma auna damshin ƙasa ko ragowar batir sai ya ƙaro wani guntu. Allon ba shi da makirfo, kuma ba shi da gurbin USB, sai an nemi abin jonawa na daban an haɗa ƙafa ta 0 da layin ƙasa na wutar allon kafin a ɗora masa manhaja.

Idon kyamarar kansa ƙarami ne, rubu'in inci, kowane ɗigonsa yana da faɗin maikromita 2.2, don haka hasken da yake tarawa kaɗan ne, da magariba ta yi kuma sai hoton ya dushe. Kyamarorin tsaro suna da fitilu masu hasken da ido ba ya gani, da matatar haske da ke gushewa da kanta da dare, gilashin da aka saba ɗora wa OV2640 kuwa yana tare wannan haske dindindin. A cikakken girmansa idon ba ya wuce hoto 15 a daƙiƙa, allon kuma ba ya iya aika ko wannan adadin a wannan girma, saboda haka dole a zaɓi ɗaya tsakanin hoto mai kaifi da motsi mai santsi, alhali gane fuskar mai tafiya ko lambar babur yana buƙatar duka biyun.

Tsaron bayanai

Manhajar misali tana buɗe hoton ga duk wanda ke kan Wi-Fi ɗin ba tare da kalmar sirri ba, kuma tana aika shi a fili ba a sirranta ba. Ana iya ƙara sirrantawa, amma kowace sadarwa mai sirri tana cin gomman kilobayit daga ma'ajiyar da ta riga ta yi kaɗan, tana kuma rage gudu. Darasin shekarar 2016, lokacin da mugunyar manhajar Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da rautoci masu kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani, ta yi amfani da su wajen kai hari kan kamfanin Dyn a Amurka, ya shafi na'urori masu Linux ne, amma ya nuna cewa kyamarar da aka jona da intanet ba tare da kulle ba ana gano ta. Kyamarar da ke kallon tsakar gida amana ce ta mutanen gidan, kuma wanda ya haɗa ta shi ke da alhakin kulle ta da sabunta manhajarta.

Inda ta dace da inda ya kamata a wuce ta

Duk waɗannan iyakoki sun taru ne a kan aiki guda, wato bidiyo mai gudana ba yankewa, kuma da zarar an sauya tambayar daga kallo na dindindin zuwa ɗaukar hoto a lokacin buƙata sai na'urar ta koma abin alfahari. Hoto guda mai kilobayit 100 kowane minti 5 yana ba da hotuna 288 a kwana, wato ƙasa da megabayit 29, abin da bai kai kashi ɗaya bisa dubu na lissafin da ya gabata ba, kuma ya wadatar wajen duba ɗakin kaji, matakin ruwa a tanki ko ci gaban gini. Haka nan ana iya barin ta tana barci har sai na'urar gano motsi ta tashe ta ta ɗauki hoto ta aika. Akwai buɗaɗɗen aikin da ake kira AI-on-the-edge-device, wanda ke amfani da ESP32-CAM wajen ɗaukar hoton mitar ruwa ko ta wuta, ya karanta lambobin a cikin na'urar, ya aika adadin kaɗai, kuma wannan ne salon da ya fi dacewa da ita: ta duba, ta fahimci abu ɗaya, ta faɗi sakamako a 'yan bayit.

Idan kuwa bidiyo na gaske ake nema, akwai matakai a sama. ESP32-S3 ya zo da sashen kyamara na musamman da hanyar PSRAM mai layuka 8, wanda ya rage cunkoson ma'ajiya amma bai kawo silikon na H.264 ba. ESP32-P4, wanda aka sanar a 2023, ya kawo wannan sashe har zuwa hoto mai ɗigo 1,920 da 1,080 sau 30 a daƙiƙa, sai dai ba shi da Wi-Fi a jikinsa, dole a haɗa shi da guntu na biyu. Raspberry Pi Zero 2 W, da ya fito a 2021 a kan dala 15, yana da megabayit 512 da sashen H.264 da Linux, amma ya fi cin wuta, yana ɗaukar lokaci kafin ya tashi, kuma yankewar wuta kwatsam tana iya lalata memorinsa. Kyamarar tsaro ta kasuwa, wadda ke ɗauke da guntu na musamman daga kamfanoni irin su HiSilicon, Ingenic ko SigmaStar, takan zo da ganin dare, makirfo da akwati mai jure ruwa a farashin da mai haɗawa da hannu ba zai iya kamowa ba idan ya tara kuɗin caja, eriya, akwati da kwanakin da ya kashe. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a nan abin da aka rage a farashin allo ana biyansa ne a data, a batir da a lokaci.

Saboda haka malamin da ke jagorantar ɗalibi a aikin kammala karatu, da mai sana'ar da zai karɓi kuɗin kwastoma, ya kamata su fara da tambayoyi huɗu kafin sayen komai: girman hoton da aikin yake buƙata, adadin hotuna a daƙiƙa ko a awa, hanyar da za su bi da wanda zai biya kuɗinta, da kuma tsawon lokacin da na'urar za ta yi ba tare da wutar layi ba. Amsoshin suna ba da adadin bayit da na wat da za a ɗora a kan alƙaluman takardar na'urar, kuma idan adadin ya zarce, babu ƙwarewar rubuta manhaja da za ta cike gibin, sai dai a rage buƙatar ko a hau mataki na gaba.